Hajiya, kafin ki sayi bulo

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya daga wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Kano. Maigidanta ya rasu ya bar mata fili, ita ma ta tara 'yan kuɗi, kuma kullum tana ganin yara suna gararamba a layinsu da hantsi, lokacin da ya kamata a ce suna aji. Tana so ta gina makarantar kwana ta marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, kyauta, Allah ya kai ladan kabarin mijinta. Tana tambaya ta ina za ta fara, kuma ko gwamnati za ta kama mata.

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya haskaka makwancinsa, ke kuma ya cika miki wannan buri. Na koyar a firamare, na riƙe hedimasta, daga baya na yi aikin zagayen duba makarantu a birni da ƙauye. Na ga irin wannan niyya taki ta yi albarka a hannun wasu, na kuma ga ta mutu a hannun wasu waɗanda su ma da zuciya ɗaya suka faro. Saboda haka zan faɗa miki abin da zan faɗa wa 'yar'uwata ta jini: kada ki fara da gini, kada kuma ki fara da makarantar kwana. Na san ba abin da kika so ji ke nan ba, amma ki ba ni aron hankalinki.

Tun kafin a kai ga maganar makaranta, ki tabbata an raba gado, kuma filin nan ya faɗo a kasonki ne ko magada baligai sun yarda a rubuce. Matar mamaci tumuni take da shi in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Idan akwai haƙƙin ƙananan yara a cikin filin, ba a yi wa wasu marayu sadaka da dukiyar wasu marayun. Na ga makarantar da aka rufe ɗalibai suna tsakiyar zango saboda rigimar gado ta kai kotu, kuma yaran ne suka kwana a ciki.

Mu a nan Arewa mun riga mun gwada farawa da gini, da kuɗin da ya fi naki nesa ba kusa ba. A watan Afrilun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya je Gagi a Sakkwato ya buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko, daga nan gwamnatin tarayya ta gina irinta sama da 150, da azuzuwa da ɗakunan kwana, ta miƙa wa jihohi. Bayan 'yan shekaru 'yan jarida suka zagaya, suka tarar da yawa daga cikinsu sun lalace, wasu an mayar da su wani abin daban, wasu kuma babu ɗalibi ko ɗaya. Simintin bai yi laifi ba. Abin da ba a tanada ba shi ne mai biyan albashi duk wata, da mai ɗora tukunya duk rana, da yardar alarammomin da yaran ke hannunsu.

Ki dubi kuma Barista Zannah Mustapha na Maiduguri. A 2007 ya buɗe makarantarsa ta Future Prowess da yara 36 kacal. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, ya riƙa karɓar marayun kowane ɓangare, ɗan wanda aka kashe yana cikin ƙungiyar da ɗan jami'in tsaron da aka kashe, suna zaune a benci ɗaya. Yana ba su karatu da abinci da kayan makaranta da magani kyauta, ya kuma haɗa iyayensu mata zawarawa a ƙungiya don su samu sana'a. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi kyautar Nansen a 2017, yaran sun kai ɗaruruwa. Gininsa ya bi bayan yaran ne, yana girma gwargwadon yadda suke ƙaruwa.

Misalin da na fi so ki riƙe shi ne na Bangaladash, ƙasar Musulmi mai yawan jama'a da talauci kamar tamu. A 1985 ƙungiyar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa, ta buɗe makarantu 22, kowace ɗaki ɗaya. Ɗakin ma na haya ne a cikin ƙauye, yara a kan tabarma. Yara kimanin talatin, akasarinsu mata, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba ko suka fita. Malamar 'yar ƙauyen ce, matar aure mai ɗan karatun sakandare, a horar da ita na kamar mako biyu, sannan duk wata a sake kiran ta a ƙara mata sani, mai dubawa kuma yana leƙo ta akai-akai. Iyaye ne ke zama su tsayar da lokacin karatu, don kada ya ci karo da aikin gida da na gona. Malama ɗaya ce ke riƙe da ajin tun daga farko har su gama, kuma sukan cinye karatun firamare na shekara biyar a cikin huɗu. Daga ɗakuna 22 abin ya kai dubun-dubatan makarantu, miliyoyin yara suka bi ta cikinsa. Duk abin da ke cikin wannan tsari akwai shi a layinku: akwai zaure ko shagon da za a ba ki haya, akwai matan aure masu takardar NCE da ke zaune a gida ba aiki, akwai tabarma.

To ta ina za ki fara? Da ƙafa. Za ki ji ana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, wannan alƙaluman UNICEF ne da aka daɗe ana ambata. A 2022 UNESCO ta ce kimanin miliyan 20 ne idan aka haɗa da 'yan sakandare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai gaya miki dalilin da ya sa yarinyar gidan da ke kallon naki take zaune. Ki je wa mai unguwa da limamin masallacinku, ki nemi mata biyu masu mutunci da ake buɗe wa ƙofa, su shiga gida-gida da littafi. A rubuta kowane yaro daga shekara shida zuwa goma sha huɗu: ya taɓa shiga boko? A aji nawa ya tsaya? Wa ke riƙonsa? Me yake yi da safe? Ke ma ki shiga wasu gidajen da kanki, ki zauna ki sha ruwa, domin abin da uwa za ta faɗa wa mace 'yar'uwarta a tsakar gida ba za ta faɗa wa mai takarda a ƙofar gida ba.

Abin da za ki ji zai ba ki mamaki. Kaɗan ne za su ce miki ba sa son boko. Mafi yawa za su ce an koro yaro saboda ba shi da yunifom, ko kuɗin jarrabawa, ko kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ko littafin rubutu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, Jihar Kano ma ta sake shelar haka a 2019, amma 'yan ƙananan kuɗaɗen nan da mai albashi ba ya ko lura da su, su ne katangar da ke tsakanin ɗan bazawara da aji. Wasu kuma za su ce miki ɗansu ya yi shekara huɗu yana zuwa, ko sunansa bai iya rubutawa ba, shi ya sa suka kai shi garejin makaniki. Kada ki ga laifin waɗannan iyaye. Lissafi suka yi, kuma lissafinsu daidai ne.

Sai maganar talla, wadda nake so ki dakata a kanta, don a nan ne makarantun kyauta da yawa ke rasa 'yan mata ba su san dalili ba. Yarinyar da ke ɗaukar farantin awara ko gyaɗa ko ɗanwake, ita ce ƙafar mahaifiyarta. Uwar tana cikin gida, sana'arta ba ta isa kasuwa sai ta kan 'yar. Da ribar ake cefane, da ita ake zubin adashi, da adashin ake tara kayan ɗaki, domin uwar da aka kai 'yarta ɗakin miji ba gado ba kwano ta san maganar da za a yi mata. Idan kika ce ta ba ki yarinyar daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe biyu, kin ce ne ta rufe jarinta. Ko sisi ba ki karɓa ba, amma makarantarki ta fi ƙarfinta. Wa'azi ba ya warware wannan. Abin da na ga yana aiki shi ne a zauna da iyaye mata a tambaye su wane lokaci ne ciniki ya fi tafiya, a sa karatu a wajen wannan lokacin. Sa'a uku na karatu na gaske sun fi shida na zaman jiran malami. Wata uwar kuma ƙaramin jari take buƙata ta koma sana'ar da ake zuwa saye har gida, ko a haɗa ta da mai shagon da zai riƙa sarar kayanta. Ranar da uwa ta ga tukunyarta ba ta mutu ba, ita da kanta za ta riƙa tashin yarinyar da asuba.

Nisa ma haka. A lardin Ghor na Afganistan, a shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008, masu bincike Dana Burde da Leigh Linden sun bi diddigin ƙauyukan da aka buɗe wa ƙananan makarantu a cikin gari, a ɗakunan da ake da su. A cikin kowace yarinya ɗari, an samu ƙarin kimanin 52 da suka shiga makaranta. Iyayen nan su ne dai waɗanda ake cewa ba sa son karatun 'ya mace. Ashe tafiyar ce ba sa so. Uban da ke unguwarku shi ma ba zai bar 'yar shekara bakwai ta tsallaka babban titi ita kaɗai ba. Idan unguwar tana da faɗi, ɗakuna biyu a wurare biyu sun fi bene ɗaya a wuri ɗaya.

Wannan ya kawo ni kan makarantar kwana. Kuɗin da zai riƙe yaro ɗaya a kwana, da ci sau uku da katifa da sabulu da mai kula da dare da mai gadi da asibiti, zai koyar da yara da dama a jeka-ka-dawo. Bayan kuɗi akwai amana. Tun daga Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a ƙarshen 2020, da Jangebe a farkon 2021, duk wanda ya tara 'ya'yan mutane a ɗakin kwana a bayan gari ya san nauyin da ya ɗauka. Akwai kuma ɓarnar da ba ta shigowa da bindiga, wadda babba ke yi wa ƙarami ko ma'aikaci ke yi wa yaro cikin dare, kuma maraya shi ne ya fi kowa rashin wanda zai kai wa ƙara. Abu na uku shi ne wanda ya fi damuna. A wurinmu maraya yana da uwa mafi yawan lokuta, ko kaka, ko gwaggo, ko kawu. Talauci ne ke sa su ce a ɗauke shi. Idan kika ɗauke shi kin raba shi da ɗan abin da ya rage masa, ya taso baƙo a cikin danginsa. Ki taimaki gidan ya riƙe ɗansa, ya zo wurinki da safe, ya koma ya kwana a bayan uwarsa. Wanda ba shi da kowa sam, wannan a nema masa riƙo a gidan mutunci, ki ɗauki nauyinsa a can.

Yanzu malami. In da za ki manta duk abin da na faɗa ki riƙe abu ɗaya, to wannan ne. Ki ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Na san makarantun kuɗi na unguwa suna biyan abin da bai kai rabin haka ba, shi ya sa malamansu ke tafiya da zarar sun samu wani abin yi, yara su ga sabuwar fuska duk zango. A ce malamai uku kika ɗauka a kan 70,000: naira 210,000 ke nan duk wata, 2,520,000 a shekara, ba a sa alli ba, ba a sa littafi ba, ba a sa abinci ba. Idan kika bi tsarin da aka saba, kina ɗaukar sabon aji duk shekara, a shekara ta shida kina da azuzuwa shida da malamai aƙalla shida, albashi kaɗai ya haura miliyan biyar, kuma kin san yadda naira ke zubewa. Yaron da kika rubuta a aji ɗaya alkawarin shekara shida kika yi masa. Shi ya sa dabarar BRAC ta dace da mai ƙaramin ƙarfi: ki ɗauki aji ɗaya ko biyu, ki raka su har su fita, kada ki buɗe sabon aji sai kin ga kuɗin da zai kai shi ƙarshe a hannu.

Wajen zaɓen malama kada takarda ta rufe miki ido. Ki ba ta ɗan labari da Hausa ta karanta da ƙarfi, ki sa ta rubuta wasiƙa, ki ba ta lissafin aji huɗu, sannan ki tara mata yara goma ki zauna a baya ki ga yadda take da su. Wadda ta tsuguna ta tambayi yaro sunansa, ta jira ya gama in'ina bai ji kunya ba, ita ce taki. Ki biya ta ranar da kika ce, ko da za ki ci bashi. Ki kuma nemi wani tsohon hedimasta mai ritaya a unguwa, irin waɗanda suka fito daga kwalejojin horon malamai na da, ya riƙa shiga ajin sau ɗaya a mako yana gyara mata. Bulala kuma ki hana ta tun ranar farko. Yaron da rayuwa ta riga ta daka, in aka ƙara masa da dorina, ba ya dawowa.

Me za a koyar? Karatu da rubutu da lissafi, da Hausa tukuna. Na san iyaye za su ce Turanci suke so, domin shi suke ji a bakin 'ya'yan masu kuɗi. Amma Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta a shekara goma, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ana koya wa da yawa karatu da harshen da ba sa ji. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, ya nuna ba su yi baya a Turanci ba. Hausa tana da wata falala: yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya gane baƙi da wasali, ya iya haɗa ba, bi, bu, cikin 'yan watanni zai karanta miki rubutun da ke jikin a-daidaita-sahu. Daga nan Turanci ya zo masa a matsayin sabon harshe kawai, ba sabon harshe da sabuwar dabara a lokaci guda ba. Ba sai kin ƙirƙiro littattafai ba. Shirin RANA ya samar da na koyon karatu da Hausa a Katsina da Zamfara, shirin Mu Karanta ya yi haka a Bauchi da Sakkwato. Ki tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku.

Yaranki ba za su zo kai ɗaya ba. Za ki ga ɗan shekara goma sha biyu da bai san harafi ba, da 'yar shekara takwas da ta fara haɗa kalma. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da hanya mai sauƙi wadda aka gwada a Borno da Kebbi da wasu jihohinmu: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko bai san komai ba, ko ya san harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko yana karanta labari, sai a raba su rukuni-rukuni bisa inda kowa ya tsaya, ba bisa shekaru ko tsawo ba. Duk bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya ci gaba ya koma rukuni na gaba. Wannan gwajin ke ma ki iya shi, Hajiya. Takarda ɗaya ce. Duk ƙarshen zango ki zauna a inuwa ki kira yara ɗaya bayan ɗaya su karanta miki. Nan za ki san ko kina da makaranta. Waƙar da yara ke rerawa tare in baƙo ya shigo ba ta nuna komai, domin mutum uku ne ke ja, saura suna bin baki.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya fito bai karya ba, kafin ƙarfe goma kansa na kan benci. Ba sai shinkafa da kaza ba. Kunu da ƙosai, ko ɗanwake, ko dafaffen wake da ɗan manja, a ba iyayen yaran kwangilar dafawa kuɗin ya koma gidajensu. Ki haɗa kai da asibitin sha-ka-tafi na unguwa a riƙa ba su maganin tsutsar ciki: a Busia ta ƙasar Kenya, binciken Edward Miguel da Michael Kremer a makarantu 75 ya nuna wannan ƙwaya mai arha ta rage fashin zuwa makaranta da kashi ɗaya cikin huɗu. Sai makewayi mai ƙofa da ruwa, na mata daban. Yarinyar da ta fara girma, in babu inda za ta kewaya, za ta fara fashin kwana huɗu ko biyar duk wata, daga nan ta daina zuwa, kuma ba za ta taɓa faɗa miki dalili ba.

Za ki ga almajirai a cikin yaran da ke yawo a layinku, kuma zuciyarki za ta ce ki kwaso su. Kada ki kira ko ɗaya sai kin je kin gaida alarammansu. Amanar iyayensu tana hannunsa, kuma ya sha ganin masu zuwa da mota su ɗauki hoto su tafi. Ki je da girmamawa, ki ce ba ki zo raba yaro da allonsa ba, kina neman sa'o'i kaɗan ne a ranakun Alhamis da Juma'a da ake hutun tsangaya, ko wani lokacin da shi ya ga dama. An yi irin wannan a wasu ƙananan hukumomin Kano ƙarƙashin wani shirin tallafa wa ilimi mai suna ESSPIN, kuma inda malamai suka yarda abin ya tafi. Abincin da za ki ba su ya rage musu yawon bara, shi ma malamin ki san abin da kika yi masa. A abin da na gani, ƙolon da ya saba da babbaƙu da farfaru yakan kama karatun boko da sauri, domin ya riga ya san cewa zane a kan allo magana ce.

Wata alfarma nake roƙo a wurinki. Kada ki rubuta kalmar marayu a jikin allon makarantar ko a rigar yaran, kada kuma ki bari a jera su ana ɗaukar hoto da buhun shinkafa a gabansu don a sa a Facebook. Yaro yana ji, yana kuma tunawa. Wajen ɗauka ma ki sa mai unguwa da liman da matan da suka yi zagaye su tantance tare, domin da zarar an ji kyauta, masu hali ne ke fara kawo nasu, bazawarar da aka yi abin dominta tana gida kunya ta hana ta fitowa. Ita sai an bi ta.

Game da gwamnati: ki yi rajista, wannan dole ne. Ki kafa kwamitin amintattu ki yi masa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ki nemi izini daga hukumar jiha mai kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, ki san sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku tun da wuri. Ta haka yaranki za su zauna jarrabawar shiga ƙaramar sakandare, ta haka kuma wani lokaci akan samu littattafai ko a turo malami. Kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC), kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ta hannun takwararta ta jiha (SUBEB) yake bi zuwa makarantun gwamnati, kuma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. A 2023 an kafa hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, yana da kyau su san da ke. Amma kada ki sa ko kwabo na gwamnati a lissafin albashinki. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro ya sha tsayawa yana tashi. In ya zo miki alheri ne, in bai zo ba kada tukunyarki ta sauka.

Akwai ma wata hanyar da ban so ki raina. Idan zagayenku ya nuna akwai firamaren gwamnati kusa, matsalarta cunkoso ne da rashin malamai da makewayi, to wataƙila kuɗinki ya fi amfani a can: ki bi ta kwamitin gudanarwar makarantar, ki ɗauki albashin malamai biyu na aji ɗaya da aji biyu, ki ɗinka wa yaran da ke cikin littafinki yunifom, ki gyara rijiya. Sunan maigida ba zai hau allo ba, amma ladan ba ya buƙatar allo.

Filin kuma, ga shawarata. Ki yi wakafinsa a rubuce, da shaidu, a gaban alƙali. Gefen da ke kallon titi ki gina shaguna, kuɗin hayarsu ya zama na albashin malamai har bayan ranki. Wannan shi ne ginin da na yarda ki fara da shi. Ciki ki katange, ki haƙa rijiya, ki yi makewayi biyu, ki kafa rumfa mai kwano, ki dasa darbejiya tun bana don ta yi inuwa kafin yaran su kai aji uku. Ki buɗe da yara talatin da malama ɗaya da littafin kiran suna. Duk yaron da aka kira kwana uku a jere bai amsa ba, a ranar ta huɗu wani ya taka har gidansu ya ji lafiya, kuma a watannin farko ke ce za ki riƙa zuwa.